Tarihin Edouard Seguin, Malamin Yaran Da Aka Fid Da Tsammani A Kansu

Edouard Seguin mutumin ƙasar Faransa ne wanda ya ƙare kwanakinsa a Amurka. Shi ne masana tarihin ilmi ke lasaftawa a kan mutum na farko da ya tsara cikakkiyar hanya ta koyar da yara masu raunin ƙwaƙwalwa, watau irin yaran nan da ke tashi da jinkirin fahimta, waɗansu ba su magana, waɗansu ba su iya riƙe cokali ko ɓalla maɓallin rigarsu, waɗansu kuma ko tsayar da ido a kan abu guda ba su iyawa. A zamaninsa manyan likitocin Turai sun riga sun yanke hukunci cewa irin waɗannan yara ba su koyon kome. Seguin ya ƙaryata wannan hukunci da aiki. Da yawa daga cikin abubuwan da ma'aikatan asibiti masu yi wa yara jiyya ta hanyar aikin hannu da ayyukan yau da kullum suke yi a yau, ana samun irinsu a cikin littattafansa, ko da yake sana'ar tasu ba ta kafu ba sai bayan mutuwarsa da shekara 37.

An haife shi ran 20 ga watan Janairu, 1812, a wani ƙaramin gari mai suna Clamecy a tsakiyar Faransa. Gidansu gidan likitoci ne, mahaifinsa ma likita ne. Ya yi karatu a Auxerre, sa'an nan ya wuce birnin Paris. A nan ne ya shiga cikin samarin da ke bin ra'ayin wani masani mai suna Saint-Simon, wanda ya koyar da cewa wajibin kowace al'umma shi ne ta kyautata halin mafi talauci da mafi yawa daga cikin mutanenta. Wannan ra'ayi ya zauna masa a zuciya har ƙarshen ransa, shi ne kuma ya sa ya ɗauki koyar da yaran da kowa ya ƙi a kan hakki ne da suke bin jama'a.

Kafin a gane girman aikinsa sai an san yadda ya tarar da al'amarin. A wancan lokaci yaro mai raunin ƙwaƙwalwa, in iyayensa masu hali ne, sai a ɓoye shi a cikin gida. In matalauta ne, sai a kai shi gidan mahaukata a haɗa shi da manya masu taɓin hankali da masu farfaɗiya da tsofaffin da ba su da kowa, a ba shi abinci da wurin kwana, shi ke nan. Babban likitan mahaukata na Faransa a lokacin, Esquirol, ya bayyana cewa wannan lalura ba ciwo ba ce balle a yi mata magani, hali ne da aka halicci mutum da shi, yadda yake haka zai tabbata.

Cikin waɗanda suka taɓa gwada saɓa wa wannan ra'ayi da gaske akwai Likita Jean Itard na makarantar kurame ta Paris. Cikin 1800 aka kama wani yaro da ya daɗe yana yawo shi kaɗai tsirara a dazuzzukan lardin Aveyron. Itard ya karɓe shi, ya sa masa suna Victor, ya yi kamar shekara 5 yana fama da shi. Yaron ya koyi sa tufafi da cin abinci a tebur da gane waɗansu kalmomi a rubuce, amma magana ta gagara. Itard ya ɗauka aikinsa bai yi nasara ba, ya koma kan kuramensa.

Cikin 1837 wani likitan asibitin yara na Paris mai suna Guersant ya roƙi Itard ya karɓi wani yaro mai raunin ƙwaƙwalwa. Itard ya tsufa, ga rashin lafiya, saboda haka ya ce sai dai a samo saurayin da zai yi aikin, shi kuwa ya riƙa nuna masa hanya. Seguin aka samo, yana da shekara 25, ba shi da takardar likita. Shekara na zagayowa Itard ya mutu, ya bar shi da yaron. Seguin ya yi wata 18 yana aiki da shi. Cikin 1839 Guersant da Esquirol suka duba yaron suka sa hannu a takardar shaida cewa ya koyi amfani da gaɓoɓinsa, yana tuna abu, yana kwatanta wannan da wancan, yana magana da rubutu da ƙidaya. Abin lura a nan shi ne Esquirol ɗin da ya ce ba a koya musu kome, shi ne da hannunsa ya shaida an koya wa wannan. Daga nan Seguin ya buɗe 'yar makarantarsa a Paris, daga bisani kuma hukuma ta ba shi waɗansu yara a gidan da ake ajiye majiyyatan da aka ce ba su warkewa.

YADDA YAKE KOYARWA

Tushen hanyar Seguin shi ne cewa ba a fara shiga hankalin yaro ta bakin malami. Ilmi yana shiga ta ido da kunne da fata da harshe da hanci, kuma waɗannan kafofi ba su aiki sosai sai jiki ya natsu, gaɓoɓi suna bin umurnin mai su. Don haka ya jera aikin daki-daki: a fara da tsokar jiki, a bi da kafofin ji, sa'an nan tunani, daga ƙarshe halin zama da mutane. Malamin da ya sa allon baƙaƙe a gaban yaron da bai iya tsayar da kansa ba, a ganin Seguin, ya ɗora jinka ne kafin ya gina bango.

Yaron da ba ya iya tsayuwa sosai, sai a sa shi a lilo, a kafa wani katako a gabansa yadda duk sa'ad da lilon ya kawo shi tafin ƙafarsa zai bugi katakon, ya tura, ya koma. Da haka ƙafa ke samun ƙarfi, ta kuma saba da jin nauyi. Wanda ke jan ƙafa in yana tafiya, sai a kwantar da tsani a ƙasa a sa shi ya riƙa taka tsakanin matakan, dole ya ɗaga ƙafa, dole kuma ya dubi inda zai sa ta. Ana zana sawaye a daɓe, waɗansu kusa da juna, waɗansu nesa, waɗansu a karkace, yaro ya bi su.

Amma a kan hannu ne Seguin ya fi daɗewa, don ya ɗauke shi a kan babban bawan hankali, kuma ƙofar duk wata sana'a. Akwai yaran da ba su damƙar kome, ko an sa musu abu a tafi sai ya zame. Irin wannan yaro sai Seguin ya ɗora shi a tsani yana riƙe da shi ta baya, ya ɗora hannuwansa a kan mataki. Jin zai faɗi shi ke sa yatsun su damƙe da kansu. Da an sami damƙa sai a koma kan abubuwa masu nauyi, daga nan a yi ta rage girmansu: bulo, sanda, ƙwallo, ƙusa da za a zura cikin ramukan da aka huda a katako, har a kai ga tsintar allura da zura zare a cikin 'yan duwatsun ado. Sa'an nan a shiga ɓalla maɓalli da ɗaure igiyar takalmi da riƙe cokali da wanke fuska. Ga mai lafiya waɗannan ba a bakin kome suke ba. Ga yaron da kullum sai an ciyar da shi an tufatar da shi, su ne bambancin zaman dogaro da zaman mutunci, kuma uwar da ke ɗawainiya da irin wannan yaro ba ta bukatar a yi mata dogon bayani a kan haka.

Wajen farkar da fata, yakan sa hannun yaro cikin ruwan sanyi, ya fitar ya sa cikin mai ɗumi, ko ya shafa masa abu mai kaushi ya bi da mai santsi, mai nauyi da marar nauyi, mai tauri da mai laushi. Dabararsa kullum ita ce a fara da abubuwa biyu da suka yi hannun riga, sa'an nan a riƙa kusanto da su kaɗan kaɗan har yaro ya iya rarrabe masu kama da juna. Haka yake yi da launi da sauti da ɗanɗano da ƙamshi. Ido ne ya fi ba shi wuya, gama ana iya kama hannu a juya shi, amma ba a iya kama gani. Yakan shigar da yaro ɗaki mai duhu ya bar haske guda yana motsi, don idon ya sami abin bi. Ya kuma lura cewa yaran da ba su kula da magana sau da yawa suna motsawa da kiɗa, saboda haka ya mai da kiɗa hanyar shiga kunne kafin a zo ga koyon furuci.

Shi ne ya ƙago allon nan mai ramuka iri iri, da'ira da murabba'i da mai kusurwa uku da sauransu, wanda yaro zai ɗauki guntun katako ya nemi ramin da ya dace da shi. Kyan wannan allo shi ne shi da kansa yake nuna wa yaro kuskurensa, gama guntun da ba na ramin ba ba zai shiga ba, ba sai malami ya tsawata ba. Daga siffofi ake wucewa zuwa zana layi a tsaye da a kwance, daga layi zuwa baƙaƙe, rubutu kuwa yana gaba da karatu. Manyan yara ana fita da su lambu da shebur da baro, ko a kai su wurin sassaƙa, don abin da yake nufi tun farko shi ne yaro ya koma cikin danginsa yana iya wani abin amfani.

Kada mai karatu ya zaci duk aikin lallashi ne. Seguin ya gaskata cewa babban abin da ya raunana a jikin waɗannan yara shi ne nufi, watau ƙudurin yin abu, saboda haka dole nufin malami ya tsaya a madadin nasu har nasu ya farka. Shi da kansa ya ba da labarin wani yaro da ba ya zama wuri guda ko kaɗan, yadda ya zaunar da shi a kujera ya zauna a gabansa, ya matse ƙafafunsa da gwiwoyinsa tsakanin nasa, ya riƙe hannuwansa da hannu guda, ɗaya hannun kuma yana juyo da fuskarsa. Haka suka yi ta yi har mako 5, ban da lokacin cin abinci da barci, kafin yaron ya fara natsuwa. Wannan haƙuri ne mai ban mamaki, amma tilastawa ce, kuma masu wannan aiki a yau ba su yarda da irinta ba. Abin da za a faɗa a madadinsa shi ne ya yi haka a zamanin da sauran mutane ko kallon yaron ba su yi.

RIGIMAR BICETRE

A ƙarshen 1842 hukuma ta mai da shi Bicetre, wani ƙaton gidan ajiye mahaukata da gajiyayyu maza a kudancin Paris. Nan ne ya kamata aikinsa ya bunƙasa, nan ne kuwa ya rushe. An ɗauke shi a matsayin malamin makaranta a ƙarƙashin likitoci, su kuwa likitocin suna ganin yaran majiyyatansu ne, ba su ga dalilin da wani marar takardar likita zai zo ya yi suna a kansu ba. Shi ma Seguin ba mai sauƙin kai ba ne. Yana ƙorafi a kan rashin kayan aiki da yadda ake cakuɗa masa yara da masu farfaɗiya, ba ya kuma ɓoye raininsa ga waɗanda ke rubutu a kan yaran alhali ba su taɓa yini guda tare da su ba. Zama ya gagara, kafin 1843 ta ƙare ya bar wurin. Abin takaici, a daidai wannan lokaci ne wani kwamiti na majalisar masana kimiyya ta Faransa ya duba aikinsa ya yaba masa ƙwarai.

Ya koma koyarwa a makarantarsa ta kansa, ya kuma zauna ya rubuta babban littafinsa a kan tarbiyya da kiwon lafiya da ilmin yara masu raunin ƙwaƙwalwa, wanda ya fito cikin 1846, shafi fiye da 700. Littafin ya fi samun karɓuwa a waje bisa gida. A Amurka, Likita Hervey Wilbur ya karanta labarin aikin Seguin a wata mujalla, cikin 1848 ya fara karɓar irin waɗannan yara a gidansa a garin Barre na jihar Massachusetts. A shekarar ce kuma Samuel Gridley Howe, shugaban makarantar makafi ta Boston, ya buɗe ajin gwaji da kuɗin gwamnatin jihar.

Seguin ya goyi bayan juyin juya halin da aka yi a Faransa cikin 1848. Da ya ga mulki ya faɗa hannun Louis Napoleon, wanda bai amince da shi ba, sai ya kwashe iyalinsa ya ƙaura zuwa Amurka cikin 1850. Shekarunsa na farko a can ba su da daɗi. Ingilishinsa bai nuna ba, ya zauna a jihar Ohio, ya yi ɗan aiki tare da Howe a Boston, ya taimaki Wilbur a makarantar jihar New York da ke Syracuse, ya riƙe ta Pennsylvania na ɗan lokaci, amma bai daɗe a ko ɗaya ba. Sai cikin 1861, yana da shekara 49, ya sami takardar likita daga jami'ar birnin New York, watau takardar da rashinta ya jawo masa wulakanci a Bicetre. Cikin 1866 ya fitar da littafinsa na biyu da Ingilishi, ɗansa Edward, wanda daga baya ya zama sanannen likitan jijiyoyi, ya taimaka masa wajen gyaran harshen.

Akwai wani gefe na rayuwarsa da ba a cika ambata ba. Yana cikin waɗanda suka yi tsayin daka a Amurka don ganin likitoci sun riƙa amfani da ma'aunin zafin jiki, har ya rubuta ɗan littafi don iyaye mata su iya auna zazzaɓin 'ya'yansu a gida su rubuta kafin likita ya iso. Cikin 1873 gwamnatin Amurka ta aike shi babban bajekolin duniya na birnin Vienna don ya duba sashen ilmi. Cikin 1876 kuma, da likitocin da ke shugabancin makarantun irin waɗannan yara suka kafa ƙungiyarsu a Pennsylvania, shi suka zaɓa shugaba na farko. Ƙungiyar tana nan har yanzu, ta sake suna sau da dama.

Har ya tsufa hankalinsa bai bar kan hannu ba. Cikin 1879 ya buga wata maƙala a kan yadda aka horar da hannun wani yaro guda, an fara daga motsin kafaɗa, aka gangaro gwiwar hannu da wuyan hannu har zuwa yatsu. Malamar da ta yi aikin, Elsie Mead, ita ce ya aura daga baya, suka buɗe wata 'yar makaranta a birnin New York. Bai daɗe a cikinta ba, ya mutu ran 28 ga watan Oktoba, 1880, yana da shekara 68. Matar ta ci gaba da riƙe makarantar shekaru masu yawa.

ABIN DA YA BIYO BAYA

Seguin makaranta ya nufa, ƙarama, inda malami zai san kowane yaro, yaro kuma ya yi 'yan shekaru ya koma gida. Tun yana da rai abin ya fara karkacewa. Iyaye da yawa ba su iya karɓar 'ya'yansu, masu ba da aiki ba su son su, gwamnatocin jihohi kuwa sun ga ajiye mutum dubu a wuri guda ya fi araha. Cikin 1878 jihar New York ta buɗe wani gida a garin Newark don tsare mata masu raunin ƙwaƙwalwa, ba don a koya musu kome ba sai don kada su haihu. Bayan mutuwarsa ra'ayin nan na cewa irin waɗannan mutane haɗari ne ga zuriyar al'umma ya yi ƙarfi. Jihar Indiana ta yi dokar yi musu aikin hana haihuwa da tilas cikin 1907, kotun ƙoli ta Amurka ta halatta irin wannan doka cikin 1927, aka yi wa mutum fiye da 60,000 wannan aiki. Allon nan mai ramuka da ya ƙago don koyarwa, masu auna basira suka mai da shi abin jarrabawa, ana duba agogo ana ƙidaya daƙiƙoƙin da yaro ya ɗauka don a san rukunin da za a jefa shi. Gidan Willowbrook na New York, wanda aka gina don mutum 4,000, ya tara fiye da 6,000 cikin 1965, ba a kuwa rufe shi ba sai 1987, bayan 'yan jarida sun tona irin ƙazanta da wulakancin da ke ciki.

Ta wata hanya dabam ce aikinsa ya rayu. A Bicetre ɗin da ta kore shi, Likita Bourneville, wanda ya karɓi sashen yara cikin 1879, ya farfaɗo da hanyarsa ya sake buga rubuce-rubucensa. Wata matashiyar likita 'yar Italiya, Maria Montessori, ta ziyarci wurin, ta nemi littattafan Itard da na Seguin, ta zauna ta juya su zuwa Italiyanci tana kwafewa da hannunta don ma'anar ta shige ta sosai. Ta gwada hanyar a kan yara masu raunin ƙwaƙwalwa a birnin Roma, waɗansunsu suka ci jarrabawar gwamnati tare da sauran yara. Wannan ya sa ta tambayi kanta abin da ke danne masu lafiyar, har cikin 1907 ta buɗe gidan yara na farko a unguwar matalauta ta San Lorenzo. Firam ɗin koyon ɓalla maɓalli da ɗaure igiya, da guntayen katako masu shiga ramuka, da ake gani a makarantun da ke bin tsarinta, har da waɗanda ke biranen Nijeriya, asalinsu daga ajin Seguin ne. Allunan koyon ƙidaya daga 11 zuwa 99 na tsarin Montessori har yau da sunansa ake kiransu.

Sana'ar jiyya ta hanyar aiki kuwa an kafa ƙungiyarta ta farko cikin 1917 a Clifton Springs ta jihar New York. Da manya ta fara, masu taɓin hankali da sojojin da suka dawo da raunuka daga yaƙin duniya na farko, daga baya ta juyo kan yara masu shan inna da masu lalurar ƙwaƙwalwa da ke hana gaɓoɓi aiki. Wata ma'aikaciyar wannan sana'a 'yar jihar Kalifoniya, Jean Ayres, ta fitar da littafi cikin 1972 a kan yadda ƙwaƙwalwar yaro ke haɗa saƙonnin da ke zuwa daga fata da tsoka da cikin kunne, da yadda tangarɗa a wannan haɗawa ke hana yaro natsuwa da koyo. Masana suna muhawara har yanzu a kan iyakar amfanin hanyarta. Daga binciken jijiyoyi na zamaninta ta gina ra'ayinta, amma kayan da ta cika ɗakin jiyyarta da su, lilo da abubuwan hawa da masu kaushi da masu santsi, kusan su ne Seguin ya yi amfani da su.